Lauya zai iya aiki daga gida a Katsina?

Sabon Lauya: Assalamu alaikum manyanmu. Hayar ofis ta yi tsada, ko zan iya fara aiki daga gida?

Barista Hajiya: Wa alaikumus salam ƙanena. Zai yiwu, amma ka ware shagon ƙofar gida, kada baƙo ya ratsa tsakar gida. Fayil amana ne, ya kwana a kabad mai makulli.

Dattijo: Ka biya kuɗin izinin aikin lauya na shekara kafin 31 ga Maris ta wuce, ka nemi hatimin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya (NBA) da ake maƙalawa a takardun shari'a. Adireshin karɓar takardun kotu kuma, lalle a samu mai sa hannu ko ba ka nan, don daga miƙawa kwanakin amsa ke fara tafiya.

Malam Lauya: Kuɗin waɗanda kake wakilta kada su shiga asusunka, buɗe musu nasu daban.