Wai me zai hana a tumɓuke furen nan a kai shi lambu kawai?

Ummu_Hanan:
Salam 'yan uwa. Jiya na kalli wani bidiyo kan wata 'yar bishiya a Cape Town ta Afirka ta Kudu, wai Serruria aemula, tsayinta bai kai ƙugu ba, furenta ruwan hoda mai gashi-gashi. An ce saura ƙiris ta ƙare don gidaje da tituna sun cinye filin yashin da take fitowa, wato Cape Flats. To tunda suna da lambun Kirstenbosch ai sai a kwashe ta a kai can kowa ya huta, ko?

Dan_Daji:
Wslm hajiya. Da haka abin yake ai da sauƙi. Irinta idan ya faɗo tururuwa ce ke ja ta kai rami, ya yi ta kwanciya a ƙasa har sai gobara ta bi dajin sannan ya tsiro, to wa zai bari a cinna wuta a ɗan fili da gidaje suka kewaye ta ko'ina? Ga kuma wata bishiyar Ostareliya, Port Jackson, da aka shigo da ita don riƙe yashi, yanzu ita ta mamaye ɗan abin da ya saura. A tukunya za ta rayu, amma tururuwar fa, ita ma tukunyar za ki saka ta?

Sadiq88:
Ni fa haushi abin nan yake ban. Cape Flats ɗin ai nan gwamnatin wariyar launin fata ta jibge mutane bayan ta kore su daga unguwanni irin su District Six, har yau ana fama da wurin kwana a Khayelitsha, ku kuna ta fure.

Dan_Daji:
Gaskiyarka malam Sadiq, ba na musu. Sai dai ba talaka kaɗai ya ci filin ba, har da unguwannin masu kuɗi da kantuna. Abin dariya ma, ɗayan wurare mafi kyau da suka tsira yana tsakiyar filin sukuwar Kenilworth, dawakai na zagaye shi shi ya sa ba a gina ba.

Maman_Twins:
Hajiya shawararki ma ba banza ba ce. Wata 'yar bishiyar yankin mai suna Erica verticillata ta ɓace gaba ɗaya a dajin, sai a 1984 aka gano ta a wani lambu a Pretoria, wata kuma can Vienna, da su aka sake dasawa a gandun dajin Rondevlei da ke Cape Town.

Ummu_Hanan:
Ikon Allah, Vienna kuma? Wa ya kai ta can?