Gwajin sabbin magungunan kansar mafitsarar maza (prostate)

Tambaya: Assalamu alaikum. Kansar mahaifina ta bazu zuwa ƙashi, allurar rage sinadarin maza kuma ta daina tasiri. Shin gwaje-gwajen asibiti sun samar da wani abu?

Amsa ta farko: Allah ya ba Baba lafiya. A gwajin VISION da aka fitar a 2021, maganin Pluvicto, wanda ke kai hasken ƙona kansa (radiation) kai tsaye cikin ƙwayoyin kansar, ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 11.3 zuwa 15.3, sai dai yana busar da baki.

Amsa ta biyu: Ɗan'uwa, ku nemi likitansa ya duba ko yana da canji a ƙwayar halittar gado da ake kira BRCA, domin masu wannan canjin ne maganin olaparib ya fi amfana a gwajin PROfound.