Shin gwajin jini yana gano girgizar ƙwaƙwalwa a wurin 'yan wasa?

Mai horar da yara, Daura: Assalamu alaikum. Wani yarona ya yi karo da kai a filin ƙwallo, ya tashi yana jiri, ya manta wanda ya ci ƙwallo. Shin da gaske gwajin jini yana nuna ko ƙwaƙwalwa ta taɓu?

Ma'aikacin lafiya, Katsina: Wa'alaikumus salam, Malam. Gwajin yana nan. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi. Ana auna furotin biyu, GFAP da UCH-L1, waɗanda suke kwarara cikin jini idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka ji rauni, amma amfaninsa shi ne taimaka wa likita ya yanke ko majinyaci yana bukatar hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, kuma don manya aka amince da shi. Sakamako mai kyau ba ya nufin yaron ya warke.

Tsohon ɗan dambe: Likita, to S100B da na ji ana ambata fa?

Ma'aikacin lafiya, Katsina: Baba, shi ma furotin ne da ake aunawa a jini, amma ko motsa jiki kawai yana ɗaga shi, don haka yana iya ruɗar da mai aunawa. Malam, kada yaron ya koma wasa sai likita ya duba shi. Idan yana amai ko barci ya yi masa yawa, a garzaya da shi asibiti yau.