Neman kalma: me za mu kira "kinsman-redeemer" da Hausa?

Saratu: Salama, jama'a. Ranar Talata zan koyar da littafin Rut a zumuntar mata, kayan darasin kuwa da Turanci suka zo. Ko'ina ana kiran Bo'aza "kinsman-redeemer". Gobe da yamma zan kai takardun a buga. Me zan sa?

Ishaku: Ɗan'uwa mai fansa.

Malam Bulus: Mafanshi. Kalma ɗaya, an wuce wurin. Da ƙira muka sami maƙeri, da ceto muka sami maceci. Ni ita nake koya wa ɗalibaina.

Ishaku: Malam, to ina zumuncin ya shiga? Firistoci 25:25 ya ce in talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa, danginsa mafi kusa ne zai zo ya fanshe ta. Shi ya sa a Rut 4 Bo'aza ya zauna a ƙofar gari da dattawa 10, sai da wanda ya fi shi kusanci ya janye, ya tuɓe takalminsa ya miƙa masa, sannan Bo'aza ya ɗauki gonar da Rut.

Mama Hannatu: 'Yata, ni fansar ce ma ke damuna. Yau in kin furta ta, kuɗin da ake kaiwa daji mata za su tuna. A ajinmu akwai wadda ta sayar da keken ɗinkinta aka haɗa na mijinta. In kin ce Yesu ya fanshe mu, wata za ta tambaye ki, wa aka biya?

Rabaran Yohanna: Mama, tambayar tsohuwa ce. Orijin, wani malamin coci na dā, ya ce Shaiɗan aka biya, wani malamin kuma, Anselm, ya zo wajen shekara ta 1098 ya ƙi wannan fahimta. Amma kada mu bar wa 'yan bindiga kalmarmu. A Ibraniyanci go'el ne, shi ke fanso gona da ɗan'uwan da ya shiga bauta, shi ne kuma mai ɗaukar fansar jini a Ƙidaya 35. Hausa ta riƙe duka biyun a kalma guda, Turanci sai ya raba.

Malam Bulus: Ashe kun dawo kan mafanshi.

Danladi: Malam, a wace kasuwa ka taɓa jin an ce mafanshi? Irin wannan ce ke sa a ce mana Hausar coci daban take.

Malam Bulus: Hausar coci? Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, su Likita Miller na Zariya suka sha wahalarsa. Wanda bai iya rubuta ƙ da ɗ ba zai koya mini Hausa?

Danladi: Wayata ce ba ta da su, Malam. Kuma ni a Kano aka haife ni.

Saratu: Don Allah ku yi haƙuri, mai buga takarda ba zai jira mu ba.

Rabaran Yohanna: Ki sa "ɗan'uwa mai fansa" a kan magana. Wajen bayani ki kawo jinginar gona, kowace mace a ajin ta san wanda ya taɓa zuwa da kuɗi ya karɓo gonar gidansu. In kin zo kan Almasihu, ki karanta musu Ayuba 19:25.

Mama Hannatu: Na yarda, amma ki shirya wa tambayar nan, za ta zo.

Malam Bulus: To, ku sa. Doguwa ce dai, ba za ta shiga waƙa ba. A ajina mafanshi zan ci gaba da cewa.