Kulocin mashin ɗina ya kafe, wane baƙin mai zan zuba?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Daga Garwa nake. Na yi wata biyu a Ngaundere wajen jinyar mahaifiyata, na bar mashin ɗina 125 a zaure tun watan Agusta, ana tsakiyar ruwa. Da na dawo, bugu biyu ya tashi. Amma ina matse kuloci na taka giya ta ɗaya, sai ya zabura ya mutu, saura ƙiris ya fasa randar uwargida. Maƙwabcina ya ba ni ragowar man motarsa, wai ai duk baƙin mai ɗaya ne. In juye masa?

Wani bakanike daga Marwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Faifan kulocin ne suka manne da juna saboda daɗewa a ajiye, kada ka kwance komai tukuna. Tayar da shi ba a giya ba, ka bar shi minti goma ya ɗau zafi. Sai ka kashe, ka sa giya ta biyu, ka matse kuloci, ka riƙa tura shi gaba da baya har ka ji ya saki. Ka duba wayar kuloci kuma: wasan hannun kuloci ya kamata ya tsaya tsakanin milimita 10 zuwa 20. In ya ƙi, to sai an buɗe an raba faifan.

Man maƙwabci kuwa, ka yi godiya ka mayar masa. A mota kuloci busasshe ne, ba ruwansa da mai. A mashin irin naka, inji da giya da kuloci duk a mai ɗaya suke wanka. Yawancin man ƙananan motoci akwai sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa, yau kulocinka ya kafe, gobe sai ka ba shi wuta yana ihu ba ya tafiya. Nemi man mashin mai alamar 4T, a bayan gorar an rubuta JASO MA ko MA2, wato shaidar ya dace da kulocin da ke cikin mai. Da zafinmu na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ni mai kauri, 20W-50, nake zubawa. Wajen lita ɗaya yake sha.

Ɗan kalando (ɗan acaɓa) daga Kuseri: Maigida ya gama magana. Sai dai ka guji na awo da ake jerawa kusa da kwalaben zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi. Na taɓa saye don araha, sati uku injina ya fara ƙara kamar na niƙa. Sayi gora mai hatimi.

Wani dattijo: Yaro, zaro ma'aunin ka dubi launin man. In ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. A turi na shida ya ce ƙas, ya saki. Baba, kunun gyaɗa ne sak, ashe zauren yana yoyo daidai kan injin. Gobe da safe zan yi juye, sannan in nemo mai gyaran kwano.