Ku taimaka, yaron cikin labarina magana yake kamar dattijo

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Tarihin yarintata nake rubutawa, a Fagge muka tashi, babanmu tela ne, kakarmu ce ta riƙe ni tun daga yaye, ita kuma asalinta ba 'yar Kano ba ce, to na zo babin rikicin Maitatsine na Disambar 1980 ina ɗan shekara bakwai, nan na cije. Abin da nake tunawa an tura mu ƙarƙashin gado, ga warin kananzir, ga ƙarar da na ɗauka tsawa ce alhali hunturu ake. Amma ina rubutawa sai yaron ya koma bayanin shugaban ƙasa Shagari da gwamna Rimi kamar mai karanta labarai a rediyo. An ce min babu rai a ciki, abin ya hana ni barci.

Malamin Hausa: Cire Shagari, cire Rimi. Ɗan bakwai bai san gwamna ba. Daga ƙarƙashin gado me kake gani? Fason ƙafar kakarka, silifas, gindin fitila. Me kake ji? Manya suna rage murya in sun tuna kana nan. Bar shi ya ce tsawa ce, mai karatu zai gane harbin sojoji ne, kuma wannan ganewar ce za ta sosa masa rai.

Uwargida: Malam, yaran yanzu fa ba su san abin da ya faru a 'Yan Awaki ba, unguwar da Maitatsine ya yi sansani. Ya sa sakin layi ɗaya da muryarsa ta babba, sannan ya koma yaron.

Ɗan Damagaram: Ni da na rubuta nawa gwaggona ta daina gaisawa da ni, wai na tona asirin gida, har yau ko biki ba a gaya min.

Malamin Hausa: A'a Hajiya, da babba ya sa baki yaron ya mutu. Bayani ya tafi gabatarwa.

Mai tambaya: Malam na ji, amma na sha wahalar tono tsofaffin jaridu, ba zan zubar ba. Kuma wallahi ni yaro ne mai wayo, ina jin hirar shagon babanmu.

Malamin Hausa: To rubuta hirar yadda kunnenka ya tsinta, guntu-guntu, har da inda ka fahimta a baibai.

Uwargida: Tukunna ma, kakar tana raye? Ka tambaye ta mana.

Mai tambaya: Wannan wata doguwar magana ce Hajiya. Yanzu dai in na bar Rimi na cire Shagari fa?