Tambaya a kan Gadamas da fataken da suka riƙa zuwa Katsina

Ɗan Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum. Dattawanmu a nan Katsina sukan ambaci Larabawan Gadamas idan ana zancen fataucin da, sai dai na ji ana cewa asalin mutanen garin ba Larabawa ba ne. Ina roƙon masana su bayyana mana ko su wane ne, da kuma abin da ya bai wa ƙaramin gari a cikin Sahara irin wannan ƙarfi a kasuwanninmu.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutanen Gadamas Barbar ne, dangin Buzaye ta fuskar harshe, ko da yake da Larabci suke ciniki da rubutu. Garin yana ƙasar Libiya, dab da inda iyakarta ta haɗu da ta Aljeriya da Tunisiya, kuma ya rayu ne da idon ruwa mai suna Ainul Faras, wanda a da ake raba wa gonakin dabino bisa ƙayyadadden lokaci domin kada wani ya ci rabon wani. Ƙarfinsu ya fito daga hanya: ayarin da ya taso daga Tarabulus yakan yada zango a Gadamas, ya bi ta Gat da Azbin kafin ya iso ƙasar Hausa. Attajiran garin sukan zaunar da 'ya'yansu ko wakilansu a kowane zango, su ba da kaya bashi, su kawo takarda da alharini da alkyabba, su koma da fatu da hauren giwa da gashin jimina. Har da bayi, abin da masu yabon wannan ciniki suke yawan tsallakewa.

'Yar Daura:
Malam, a ba ni dama in ƙara da ginin garin, domin shi ya sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1986. Gidajen na ƙasa ne da itacen dabino, an shafe su da farar ƙasa, manne da juna. Ƙasan gida ma'ajiyar kaya ce, iyali suna zama a bene, lungunan kuwa a rufe suke saboda zafin rana. Saman soraye na mata ne, ta nan suke ziyartar juna ba tare da sun sauko titi ba. Yanzu mutane sun koma sabon gari, amma wasu sukan dawo tsofaffin gidajen idan zafi ya tsananta.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Allah ya ƙara ilimi. To, Malam, jirgin ƙasa ne ya raba mu da su?

Malamin Tarihi:
Katsina ta rasa su tun kafin jirgi. Bayan jihadi, yaƙe-yaƙe da Maraɗi sun hana hanya kwanciya, fatake suka karkata Kano, har Barth, matafiyi Bajamushe da ya zo Katsina a 1851, ya tarar da yawancin cikin ganuwarta fili ne. Cinikin Sahara gaba ɗaya kuwa ya durƙushe ne bayan 1911, shekarar da layin dogo ya isa Kano, Italiya kuma ta mamaye Tarabulus.